Tsohuwar Na'urar Busar da Tufafi: Gangar da Ke Tausasa Fata, Ta Cire Tsatsa

A ƙauyukan arewacin Amurka da Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni, har yanzu akwai masu sana'ar ɗana tarko. Suna kama dabbobin daji masu laushin gashi, su feɗe, su jeme fatar, su sayar ko su ɗinka hula da safar hannu. Wanda ya leƙa rumfar aikin irin waɗannan mutane, sau da yawa zai tarar da wani farin akwatin ƙarfe a lungu yana ta gurnani. Na'urar busar da tufafi ce da aka fitar daga cikin gida bayan ta daina aiki. Sai dai babu riga ko wando a cikinta. Fatu ne ke juyawa tare da garin katako.

Dabarar ba ta tsaya ga majema ba. Masu gyara fatar tsuntsu ko ta dabba su cika ta, ta tsaya kamar mai rai don ado, da irin wannan ganga suke busar da gashin su tayar da shi. Maƙeri kan zuba ƙananan ƙarafan da ya gama ƙerawa su gogi juna har baƙin ɓawon wuta ya fita. Mai gyaran tsofaffin motoci kan zuba notuna da kusoshin da tsatsa ta ci. Kafinta mai yin kayan wasan yara kan zuba guntayen katako da yagaggen samfefa, kaifin gefensu ya mutu. Buƙatarsu duka ɗaya ce: ganga mai juyawa a hankali, awa bayan awa, ba tare da wani ya tsaya a kanta ba. Sabuwa ta masana'anta tsada gare ta. Ita kuwa wannan, a can ƙasashen a bakin titi ake ajiye ta ga mai so, ko a sayar da ita kuɗin ƙarfe.

Abin da ke mutuwa da abin da ke saura

Na'urar ba ta cika shekara ɗari a kasuwa ba. Wani mutumin jihar Dakota ta Arewa mai suna J. Ross Moore ne ya ƙirƙiro irin wadda aka sani yau, a ƙasar da riga ke daskarewa a kan igiyar shanya idan hunturu ya kama. Kamfanin Hamilton na jihar Wiskonsin ya fara sayar da ita a 1938 da sunan June Day. Yanzu kusan gida takwas cikin goma a Amurka suna da ita, kuma yawanci takan yi shekara 10 zuwa 13 kafin a canza ta. Don haka matattunta ba su da wuyar samu.

Amma me ake nufi da ta mutu? Idan ka kwance kusoshi ka ɗaga murfinta, za ka ga kayan cikin ba su da yawa. Ga ganga ta ƙarfe, faɗinta santimita 60 ko ɗan sama da haka, a kwance kan wasu ƙananan tayoyi. Wani siririn bel ya zagaye ta gaba ɗaya, ya sauko ƙasa ya naɗe kan ɗan ƙaramin fuli a bakin moton lantarki. A ɗaya bakin moton akwai fanka mai jan iska. Can gefe ga hita, wato murɗaɗɗiyar waya da ke yin ja idan wuta ta bi ta, da 'yan na'urorin da ke lura da zafi. A cikin gangar kuma an kafa haƙarƙari biyu ko uku masu ɗaga kaya sama su sake su.

Mafi yawan lokaci, abin da ke sa a fitar da ita daga gida shi ne hita ta ƙone, ko fis ɗin zafi ya tsinke, ko allon sarrafawa ya rikice, ko bel ya katse. Mai gida ya lissafa kuɗin mai gyara, ya ga gara ya sayi sabuwa. Moton kuwa da gangar lafiyarsu ƙalau. Kuma su ne ainihin abin da mai sana'a ke nema. Moton irin na Amurka yana juyawa sau 1,725 a minti ɗaya. Fulin bakinsa bai fi kaurin babban yatsa ba, gangar kuma ita kanta ce babban fulin, saboda haka gudun ke sauka zuwa wajen sau 50 a minti. Duk mai waldar da ya taɓa haɗa inji ya san wahalar rage gudun moto: sai ka nemo giya, ko ka jera fuli uku huɗu da boris da sanduna, kuma da ƙyar su daidaita. A nan kamfani ya riga ya gama wannan aikin, ya saka shi cikin akwati mai ƙofa.

Aikin farko: a kashe zafin

A kan wannan babu sassauci. Kafin a zuba komai a ganga, sai an cire wayoyin hita ɗungurungum, an naɗe bakinsu, ko ma a kwance hitar a fitar da ita. Murɗa makunni zuwa wajen da aka rubuta iska kawai bai wadatar ba, domin wata rana wani zai murɗa shi wani wajen. Dalili biyu ne. Na farko, fata ba ta jure zafi: ɗanyar fata mai laima takan fara ƙanƙancewa tun daga digiri 60 zuwa 65, kuma iskar na'urar na iya kaiwa nan. Fatar da ta ƙanƙance ta tafi ke nan, ba man da zai dawo da ita. Na biyu ya fi muni. Garin katako makamashi ne, ƙurarsa kuma idan ta cika iska a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Ko da tufafi kawai take busarwa, na'urar nan tana da tarihin gobara saboda burbushin zare da ke taruwa kusa da hita. A 2019 kamfanin Whirlpool ya janye dubban ɗaruruwan na'urori masu sunan Hotpoint da Indesit da Creda a Birtaniya, waɗanda aka ƙera tsakanin 2004 da 2015, kan wannan matsala.

Bayan hita sai iska. An gina na'urar ne domin iska ta ratsa gangar ta fita, mai jima kuwa so yake garinsa ya zauna ciki. Saboda haka ake cire fankar daga bakin moto, a toshe ramukan bayan ganga da na wajen matatar zare da farantin ƙarfe ko siririn katako, a bi gefuna da gam. Bakin ƙofa da inda ganga ke gogar jikin akwati, nan ne gari ya fi tsiyayewa, kuma ƙarƙashin wurin ne moton yake. Moton buɗaɗɗe ne, yana da wani makunni a cikinsa da ke yin ɗan tartsatsi duk lokacin da ya tashi. Masu lura sukan yi masa rumfa ta ƙarfe wadda ba ta hana shi shan iska ba, su kuma riƙa hure shi bayan kowane aiki. Wasu ba sa ma zuba gari kai tsaye: sukan sa fata da gari a buhu mai kauri, su ɗaure baki, su jefa buhun cikin ganga. Aikin ya fi jinkiri, amma hankali ya fi kwanciya.

Agogon na'urar yakan tsayar da ita bayan awa ɗaya ko makamancin haka, don haka ake tsallake shi a sa makunni na dabam. Wannan aikin mai gyaran lantarki ne, ba na koyo da kai ba. Amma makunnin ƙofa, wanda ke tsayar da ganga da zarar an buɗe, ina roƙon kada a taɓa shi. Yara suna son shiga ganga su ɓuya. A bar makunnin, a ƙara kwaɗo a ƙofar, a kuma tabbatar an haɗa jikin akwatin da wayar ƙasa. Wadda ke aiki da iskar gas, da sabuwar ƙira mai kwamfuresa irin ta firji, gara a bar su ga waɗanda suka san kansu.

Fata da garin katako

A nan ne na'urar ta fi nuna amfaninta. Duk majemi ya san jiƙa fata a ruwan jima rabin aiki ne. Fata zaruruwa ce a saƙe, idan tana bushewa sai zaruruwan su manne da juna, ta sandare. Sai an shafa mata mai, an ja, an murza, an lanƙwasa ta ta kowace fuska daidai lokacin da take tsakanin laima da bushewa, sannan ta yi laushi. Wannan mataki shi ke cin kafaɗa da yatsu, shi ke sa yaran majema gudu.

Ganga tana yin wannan murzar da faɗuwa. Ana zuba busasshen garin katako mai tauri kamar sulusin ganga. Ba a son na itace mai ƙaro, domin yana manne wa gashi. Wasu da niƙaƙƙiyar totuwar masara suke amfani. Sai a jefa fatu biyu ko uku waɗanda suka kusa bushewa, wani lokaci da 'yan ƙwallayen roba ko guntayen katako marasa kaifi domin su ƙara duka. Haƙarƙarin ganga ya ɗaga fata sama, ta faɗo ta naɗe, gari ya bi ta ya danne, a sake ɗaga ta ta wata fuskar. Sau 50 a minti, sau 3,000 ke nan a awa. Babu hannun da zai yi haka.

Idan ka buɗe ƙofa bayan awa ɗaya ko biyu, garin da ya shiga fari tas ya koma ruwan ƙasa, ya yi danƙo a hannu, domin ya tsotse maiƙo da dattin da ke gindin gashi. Fatar da ta shiga tana ƙara idan an lanƙwasa ta, yanzu sai ta zubo a kan hannu. Gashin da ya kwanta ya dunƙule ya miƙe ya rabu ɗaya-ɗaya. Abin da ya rage a kakkaɓe garin. Manyan masu gyaran fata suna da wata gangar ta raga don wannan kaɗai, ƙaramin majemi kuwa kakkaɓewa yake yi ya bi da iska.

Iyakarta ita ce girmanta. Nisan faɗuwa shi ke karya taurin fata, kuma a cikin wannan ganga bai wuce rabin mita ba. Gangunan masu gyaran fata mai gashi sukan kai kusan mita biyu, na manyan masana'antun jima kuwa mita uku zuwa huɗu. Don haka fatar zomo, ta yanyawa, ta ɗan akuya, duk za ta yi musu. Fatar babbar barewa za ta tsabtace ta amma ba za ta tausasa ta sosai ba. Ƙirgin sa kuwa, kada ma a fara.

Inda mutane ke yin kuskure: dutse

Da yawa daga masu ɗauko tsohuwar na'ura, duwatsun ado suke so su goge. Sun ga ƙaramar gangar goge dutse ta kanti ba ta ɗaukar fiye da kilo ɗaya ko biyu, sai su ce ga babba a banza. A ganina nan ne dabarar ta fi cin mutane, kuma dalilin a fili yake.

Gogar dutse a ganga kwaikwayon aikin kogi ne, sai dai an gajarta shi. Ana cika ganga kamar kashi biyu cikin uku da duwatsu masu tauri ɗaya, a zuba ruwa da garin silikon kabaid, wani abu mai tsananin tauri da Edward Acheson ya haɗa a Amurka a 1891. Ana farawa da mai gautsi, lamba 60/90, a koma 120/220, sannan 500, a ƙare da garin sheƙi. Kowane mataki kamar mako guda yake ci, dare da rana, ba tsayawa. Abin da ake so duwatsu su riƙa zamewa a kan juna a hankali. Ba a son su faɗo, domin dutsen da ya faɗo kan ɗan'uwansa tsagewa yake yi.

Ita kuwa na'urar busar da tufafi, don faɗowa aka yi ta. Kowa ya taɓa ganin yaro ya ɗaura igiya a gwangwanin ruwa yana wulwula shi sama da kansa, ruwan bai zube ba. Haka ganga take: akwai gudun da idan ta kai shi, kayan ciki mannewa za su yi a bango su daina faɗowa. Ga ganga mai faɗin santimita 60, wannan gudu wajen sau 55 ne a minti. Injiniyoyi sun ajiye na'urar dab da ƙasan wannan iyaka da gangan, domin riga ta hau can ƙololuwa ta faɗo ta cikin iska mai zafi. Abin da ya dace da riga da fata ke nan, amma ga dutse ɓarna ce.

Sai kuma nauyi. An yi ta ne don kayan da ba su wuce kilo 7 zuwa 9 a bushe ba. Babbar ganga irin ta Amurka tana cin wajen lita 200. Rabinta kawai idan aka cika da dutse da ruwa ya haura kilo 150. Bel zai zame, tayoyin roba su lotse, siririn ƙarfen gangar ya lauje. Ga shi ba ta riƙe ruwa.

Masu gwaninta hanya biyu suke bi. Ta farko, a sami bokitin roba mai murfin da ke rufuwa gam, a zuba kayan a ciki, a kafa shi a tsakiyar ganga da tsohuwar katifar soso ta kowane gefe yadda ba zai motsa ba. Tunda bokitin ya fi gangar ƙanƙanta, gudun 50 bai kusa iyakarsa ba, kayan ciki sai su riƙa gangarowa maimakon faɗowa. Wannan ya isa ga notuna, zobba, makullai da ƙananan kayan tagulla, da busasshen yashi ko niƙaƙƙen ɓawon goro irin na Turai, muddin nauyin bai wuce na wanki ɗaya ba. Hanya ta biyu, a yi watsi da akwatin, a ɗauki moton kaɗai. A kafa sandunan ƙarfe biyu a jere kan boris, a sa musu rigar tiyo, a ɗora ƙaramar ganga mai rufin roba a kansu, moto ya juya sanda ɗaya. Wannan ita ce hanyar dutse ta gaskiya. Ruwa mai laka da ke fita daga gogar dutse kuma ba a zuba shi a bututun gida, daskarewa yake yi ya toshe shi.

Mu kuma fa?

A ƙasar Hausa rana da iskar hunturu sun ɗauke mana wannan nauyi, gidaje kaɗan ne ke da na'urar busar da tufafi. Amma ba a rasa ta ba. Otal-otal, asibitoci da shagunan wanki na zamani suna da ita, wasu ma manya masu ƙarfi fiye da na gida, kuma tana shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai. Idan ta lalace, makomarta hannun 'yan gwangwan: guduma ta faɗa mata, a zare tagullar moto, a auna sauran a sikeli. Wannan asara ce, domin sana'o'in da ke buƙatar ganga mai juyawa muna da su tun kafin a san Amurka da wannan na'ura.

Jima tsohuwar sana'ar Kano ce da Sakkwato da Maraɗi. Fatar jar akuya da aka jeme da bagaruwa, aka rina da karan dafi, ita ce ta ratsa Sahara har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Manyan masana'antun Challawa da Sharaɗa suna da gangunansu na zamani, amma ƙaramin majemi da ke kai wa dukawan Ƙofar Wambai kaya, har yau da ƙarfin damtse yake tausasa fata. Ga kuma buzu, wanda ake jemewa da gashinsa, aikin da ya yi daidai da abin da masu tarkon Kanada ke yi da garin katako. Garin kuwa ga shi jibge a kowace kasuwar katako, totuwar masara kuma ƙonawa ake yi. Maƙeran fari masu zobe da munduwa, da masu sayar da tsofaffin kayan gyara da ke zaunar da yaro yini guda yana kankare tsatsa da burushin waya, su ma aikinsu ne. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya ita ta fi cancanta ta gwada wannan a kan fatunmu, ta faɗa wa majema awa nawa da gari nawa ya dace.

Sai dai a lura da wuta. Moton na'urar Amurka na volt 120 ne, namu layin 230 ne, don haka sai da taransifomar rage wuta, kuma saboda bambancin bugun lantarkin ƙasashen biyu zai rage gudu da kamar kashi ɗaya cikin shida, ya kuma fi ɗaukar zafi. Ta Turai ta fi sauƙi, wutarmu ɗaya. Abin daɗin shi ne hita ce mai shan wutar, wat 2,000 zuwa 5,000. Da an cire ta, abin da ya rage 'yan ɗaruruwa ne, ƙaramin janareta zai riƙe, in dai ya jure fizgar tashin farko.

Abu ɗaya ne nake so a yi nesa da shi ƙwarai. Kada wani ya ga ganga tana juyawa ya ce bari ya niƙa dutsen ma'adini a cikin gida. A 2010 yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gidaje. Tsohon fenti da wasu tsofaffin ƙarafa ma suna ɗauke da dalma, ƙurar dutse kuma tana lalata huhu. Ganga a rumfar aiki take zama, nesa da ɗaki da madafa, mai buɗe ta da takunkumi a hanci. Fetur ko kananzir kuwa, ko ɗigo kada ya shiga garin katako da sunan cire maiƙo.

Ga masu walda da masu gyaran lantarki na Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda ke ƙera injin niƙa da na gyaran shinkafa daga ƙarfen da wasu suka zubar, wannan ƙaramin aiki ne. Idan irin wannan akwati ya zo hannunku, ku dakatar da mai guduma ku gwada moton tukuna. In ya tashi, ku cire hitar, ku toshe ramukan, ku bar makunnin ƙofa, sannan ku kira majemi ya zo da fatar akuya guda ya gwada.